Ruwan da Ya Shiga ta Hannun Hagu

A gabar gabashin Sikotlan, sanyin teku ba ya kai maƙura a watan Disamba yadda baƙo zai zata. Sai ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ma'auni yake sauka zuwa digiri 6 ko 7, kuma ko a tsakiyar lokacin zafi da wuya ya haura 13 ko 14. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da ɗoriya. Shi ya sa duk wanda ya riƙi nutso da gaske a can yake sa rigar da ruwa ba ya ratsa ta: riga guda tun daga wuya har tafin ƙafa, da zif na musamman, da roba mai kama wuya, da wata mai kama wuyan hannu, a ƙarƙashinta kuma tufafin ɗumi. Iskar da mutum ke turawa cikin rigar daga tukunyar da ya goya ita ce ke tsare masa zafin jikinsa.

Hannu ne rigar ta bari a waje, kuma da hannu ake yin duk abin da ke riƙe da ran mutum a ƙarƙashin ruwa. Da shi ake murɗa bawul, a buɗe ƙugiya, a zaro wuƙa idan ragar masunta ta naɗe ƙafa, a miƙa wa abokin nutso iska idan tasa ta yanke. Masu bincike sun daɗe da sanin cewa idan zafin fatar yatsu ya yi ƙasa da digiri 15, ƙwarewar hannu tana raguwa sosai. In ya ƙara sauka, mutum zai kama abu bai san ya kama ba. Safar roba mai kauri wadda ruwa ke shiga tana taimakawa zuwa wani lokaci, amma wanda zai jima a ƙasa yakan koma ga busasshiyar safa, wadda ake haɗawa da hannun riga ta hanyar zobba.

Aiki ne ya kai ni Abadin na Sikotlan, garin da harkar man fetur ta Tekun Arewa ta tara wa mutane daga kowace nahiya, har da 'yan Najeriya masu yawa. A can na shiga wani kulob na koyi nutso, da sanyi ya fara cin yatsuna kuma na sayi zobba na kai wa wani mutum mai ƙaramin shagon gyaran rigunan nutso ya ɗaura mini. A kan wannan mutumin na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu, kuma ba za a fahimci girman kuskuren ba sai an san yadda abin yake aiki.

Zobba biyu ne a kowane hannu. Ɗaya yana zaune a bakin hannun riga, an manna shi da gam ko an matse shi. Ɗayan yana ɗauke da safar, wadda galibi ba wata ta musamman ba ce. Da yawa safar aiki ce irin ta masunta da ma'aikatan masana'antu, kamar shuɗiyar nan ta kamfanin Showa na Japan. Idan an zo shiga ruwa sai a tura wannan zobe cikin wancan, a tsakaninsu kuma akwai siririyar ƙawanyar roba da ke kwance a cikin gurbinta. Ita kaɗai ce tsakanin hannunka da teku. Kamfanoni sun bambanta wajen dabara: na Kubi na alminiyam ne ana tura su kawai, na Rolock murɗawa ake yi su kulle, Si Tech da Waterproof na Suwidin da Santi na Folan kowa da salonsa. Ba zan faɗi irin nawa ba, domin babu laifin da na samu a wurin wanda ya ƙera shi. A cikin safar roba kuma ana sa wata ta ulu ko makamancinsa, ita ce ainihin mai ba da ɗumi.

Sai batun matsi. Kowace mita 10 da aka sauka, ruwa yana ƙara nauyi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya da ke kanmu. Iskar da ke cikin safa takan tsuke zuwa rabi a mita 10, zuwa kashi ɗaya cikin huɗu a mita 30, safar ta manne wa yatsu, ulun ya lotse, ɗumin ya tafi. Don haka ake zura ɗan siririn bututu ko guntuwar igiya a ƙarƙashin robar wuyan hannu, iska ta riƙa kai da komo tsakanin riga da safa. Ita robar wuyan hannun ana barinta ne a matsayin katanga ta biyu: idan safa ta huje, hannu ne kaɗai zai jiƙe, abin da zai bi ta bututun zuwa cikin riga kaɗan ne.

Tawa safar ta fara yoyo ne ta hagu, kuma ba kullum ba. Wata rana in fito a bushe, wata rana in ji sanyi yana tasowa daga gindin babban yatsa yana bin tafin hannu. Da na lura sai na ga a ranakun da suka fi sanyi abin yake faruwa. Nan take na haɗa bayani a kaina. Na taɓa karanta labarin kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai a ciki, saboda sanyin safiyar ranar ya sandarar da wata ƙawanyar roba, da yadda masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban kwamitin bincike ya nuna ba ta komawa siffarta da sauri. Sai na ce to ai shi ke nan: sanyi yana tsuke wani abu a zoben hagu, na dama kuwa lafiya lau, kamfani ɗaya ya yi su, saboda haka bambancin yana wurin hannun da ya ɗaura su. Bayanin ya yi mini daɗi domin yana da kamannin ilimi, kuma bai ɗora mini komai ba. Ban tsoma rigar a ruwa na duba ba. Ban ko ciro ƙawanyar na kalle ta a haske ba.

Na mayar wa mutumin da rigar. Ya toshe wuyanta, ya hura mata iska har ta kumbura, ya bi zobban da ruwan sabulu, ya ce bai ga kumfa ba. Sannan ya roƙe ni in kawo safar ulun da nake sawa a ciki, in sa komai a gabansa yadda na saba, ya gani. Na ɗauki wannan a matsayin kame-kame. A raina na ce ga mai laifi yana neman inda zai jingina laifinsa. Na naɗe rigata na fita. A taron kulob na mako na faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa aikinsa yana yoyo kuma ya ƙi amsawa. Ban tsaya nan ba, na rubuta haka a zauren WhatsApp na kulob ɗin, inda kusan duk masu kai masa aiki a yankin suke. Da na ba matata labari, tambaya ɗaya ta yi mini: "Malam, ka ga wurin da ruwan yake shiga da idonka?" Na ce ba sai na gani ba, abin a fili yake. Ta ce zato dai zunubi ne, ta ci gaba da abin da take yi.

Daga nan na shiga gyara da kaina, kuma duk a dare ɗaya. Na lafta wa ƙawanyar giris ɗin silikon har yana tsiyaya. Na cire ta hagu na sa wata da na saya a shagon kayan famfo, wadda a ido ta yi daidai. Na canza safar robar da sabuwa. Sannan na ɗauki almakashi na yanke robar wuyan hannun hagu gaba ɗaya, bisa tunanin cewa a inda ta haɗu da zobe ne aikin mutumin ya lalace.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da illarsa, kuma ina so mai karatu da ke da irin wannan kaya ya ji su. Giris ba ya toshe ruwa. Aikinsa kawai ya sa roba ta zame ta zauna a gurbinta ba tare da ta murɗe ba, kuma abin da ake buƙata bai wuce ɗan abin da zai sa ta ƙyalli ba. Idan ya yi yawa, yashi da gashi da zare suna manne masa, zoben da turawa kawai ake yi kuma yana iya zamewa. Wasu ma man Vaseline suke shafawa, alhali duk wani mai da aka samo daga fetur yana cinye robar danƙo. Ita kuma ƙawanya ba faɗinta kaɗai ake dubawa ba. Kaurinta da taurinta suna cikin lissafin wanda ya yanka gurbin, kuma rabin milimita ya isa ya raba busasshen hannu da jiƙaƙƙe. Batun cire robar wuyan hannu kuwa, akwai gogaggun masu nutso da suke yin haka da gangan don iska ta zagaya yatsu sosai, kuma suna da hujjarsu. Amma suna yi ne da zobban da suka gwada suka amince da su. Ni na cire katanga ta biyu ne a daidai hannun da na san ta farko tana yoyo. Mafi muni a cikin duka shi ne yin su a lokaci guda. Wanda ya canza abu huɗu tare, ko yoyon ya tsaya ko ya ƙaru, ba shi da hanyar sanin wanne ne sila.

Nutson da na yi bayan haka a wuri marar zurfi ne, ranar da rana ta fito, na kuma fito a bushe. Na koma kulob na ce na gyara abin da gwani ya kasa.

A watan Afrilu muka tafi tsibiran Orkney. Duk mai nutso a Birtaniya yana da burin Scapa Flow da ke can. A nan aka tsare jiragen yaƙin Jamus 74 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ranar 21 ga Yunin 1919 kwamandansu Ludwig von Reuter ya ba da umarnin a buɗe musu ruwa don kada su faɗa hannun abokan gaba. Jirage 52 suka nutse. An ciro mafi yawansu daga baya an sayar da ƙarfen, amma bakwai suna nan kwance: manya uku, König da Kronprinz Wilhelm da Markgraf, sai ƙanana huɗu, Brummer da Cöln da Dresden da Karlsruhe. Daga garin Stromness kwale-kwalen masu nutso suke tashi da safe. Ranar da muka nufi Cöln, wanda ke kwance a gefensa a zurfin kusan mita 36, iska tana kaɗawa da sanyi, sai na zaɓi safar uluna mai kauri. Matuƙin ya daidaita mu a kan igiyar sauka ya ce a shirya, na tura zobba cikin gaggawa, na faɗa ruwa bayan abokin nutsona.

Ban kai mita 6 ba na ji yoyon, kuma ba irin na da ba ne. Wannan karon sanyin bai tsaya a tafin hannu ba, ya bi damtse ya gangara. A wannan lokacin babu abin da ya fi sauƙi kamar in taɓa abokina in nuna masa hannu in ɗaga babban yatsa sama. Ƙa'ida ce da ake koya wa kowa tun ranar farko, cewa kowane mai nutso yana da ikon soke nutso a kowane lokaci ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ban yi ba. Na tuna kuɗin da na kashe da doguwar tafiyar jirgin ruwa daga Abadin zuwa Kirkwall na Orkney. Fiye da haka, na tuna mutanen da ke cikin kwale-kwalen sun ji ni ina cewa na gyara. Da abokina ya juyo ya tambaye ni da hannu ko lafiya, na mayar masa da alamar lafiya.

Da muka isa jikin jirgin, ruwan ya kai haƙarƙarina, ya bi gefe ya taru a ƙafar hagu. Tufafin ɗumi da iskar da ke tsakanin zarensu suke aiki. Da zarar ruwa ya maye gurbin iskar, sun tashi daga aiki. Na fara karkarwa, numfashina ya ƙaru, allurar ma'aunin iska ta riƙa sauka da sauri fiye da yadda muka tsara. Abokina ne ya lura da yadda fitilata ke rawa, ya matso ya duba ma'aunina, ya ba da alamar hawa. Mun riga mun yi nisa da igiyar da muka sauka ta ita, don haka dole a aika jakar alama sama da zare, wadda ke nuna wa matuƙi inda muke, mu kuma mu bi zaren a hankali. Aikina ne bisa tsarin da muka yi a sama. Na kai hannu ga ƙugiyar da ke riƙe da kwarkwaron zaren, ina kallon yatsuna a kanta, amma sun ƙi dannawa. Hannun hagu ya mutu, na dama ma da yake a bushe ya yi nauyi, domin idan jiki ya ji sanyi yana janye jini daga gaɓoɓi ya tara a tsakiya. Abokina ne ya ciro tasa jakar ya aika.

Wanda bai san nutso ba zai ce ai sai a yi sama kawai. Ba ya yiwuwa. A irin wannan zurfi naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka, kuma idan aka hau da gaggawa yakan zama kumfa a cikin jiki, abin da ke iya kawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Kwamfutar hannuna ta riga ta rubuta mini mintunan da dole in tsaya a mita 6. Kuma sanyi a wannan matakin ya fi kowane lokaci haɗari, domin jinin da ya kamata ya kwaso naitirojin ɗin ya kai huhu ya rage gudu. Wani bincike da sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka ya fitar a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka yi ɗumi a ƙasa suka ji sanyi a lokacin hawa sun fi kamuwa da wannan ciwo nesa ba kusa ba. Haka na rataye a jikin zaren, haƙorana suna karo a kan abin shaƙar iska, abokina yana riƙe da ɗamarar kafaɗata yana kallon idona har mintunan suka cika.

Allah ya kiyaye, babu abin da ya same ni. An cire mini riga, an lulluɓe ni, matuƙin ya sa mini ido har muka koma Stromness, inda akwai ɗakin matsin iska da ake jinyar masu irin wannan ciwo, ban kuwa buƙace shi ba. Da na daina karkarwa abokina ya zauna kusa da ni ya ce, "Abokina, yaushe ka fara jin ruwan?" Na ce tun muna sauka. Ya yi shiru, sannan ya ce iskar da ke bayansa tawa ce idan na buƙata, wadda ke bayana kuma tasa ce, hannuwana ma haka. Da shi ne ya samu matsala a ƙasa, da wa zai cece shi? Ya ce na kai shi mita talatin da wani abu shi kaɗai alhali yana zaton mu biyu ne. Bai sake shiga ruwa da ni ba har muka bar Orkney, kuma yana da gaskiya.

Da yamma wata dattijuwa daga cikin ayarinmu, wadda ta fara nutso a ruwan sanyi tun kafin in iya iyo, ta ce in kawo rigar bakin tasha. Ban taɓa ganin an bi yoyo da natsuwa irin tata ba, kuma abin da ta koya mini a wannan yammacin ya fi duk abin da na tara a kaina.

Ta fara da tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba, wato ko ruwan ta safa yake shiga tun asali. Ta ce mutane da yawa suna ganin danshi su ce yoyo, alhali gumi ne. A teku ɗanɗanawa kawai za ka yi, gishirin teku ba ya ɓuya. Ta ce hannun hagu yana da wani abin ruɗi na daban, domin bawul ɗin fitar da iska a kafaɗar hagu yake a yawancin riguna, kuma idan yashi ya shiga cikinsa ruwa yakan bi damtse ya gangaro har wuyan hannu, mutum ya yi ta zargin safa. Hanyar rabewa ita ce a lura da inda sanyi ya fara taɓa fata, ko a naɗa takardar goge hannu mai launi a wurare daban-daban a ciki, a ɗan tsoma, a fito a ga wadda ta fara jiƙewa. Nawa daga gindin yatsa yake farawa, saboda haka ta ajiye batun bawul.

Sai ta koma kan safar ita kaɗai. Ta toshe bakin zoben, ta matsa iskar ciki, ta danna ta a bokiti tana juya yatsu ɗaya bayan ɗaya, yadda mai faci ke neman huji a tiyub ɗin keke. Ta fi daɗewa a kan bakin yatsu da tsakanin babban yatsa da manuni, inda tsatsar jirgi da ƙayar dabbobin teku da bakin ƙugiya suka fi hudawa. Ba kumfa. Ta duba inda safar ta naɗe a jikin zobenta, domin idan bakin safa ya fi zobe faɗi yakan yi 'yar tattara a ƙarƙashin robar da ke matse shi, ruwa ya bi ta nan. Idan kuma safar mai shafin yadi ce a ciki kuma yadin ya leƙo waje, shi ma yana jan ruwa. Nan ma lafiya. Sannan ta haɗa safar da riga ba kowa a ciki, ta toshe wuya, ta hura, ta zuba ruwan sabulu a kan gam ɗin da mutumin ya yi, tana lanƙwasa hannun rigar ta kowace fuska. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta fito daga aikinsa ba.

Da ta zo kan ƙawanyar, ba ta sa ƙarfe ba, domin ƙarfe yana karce gurbi ya bar hanyar ruwa ta dindindin. Ta matse ta da yatsu biyu har ta ɗago, ta zare ta, ta ɗaga ta a haske. Giris ɗin da na lafta cike yake da zaren ulu. Ta ciro ta dama ta jera su a tafin hannunta, sai ga tawa ta shagon famfo ta fi siranta, a fili. Ta ce wannan laifi ne sabo da na ƙara, amma ba shi ne na asali ba, tunda yoyon ya girme shi. Ta goge komai, ta sa wata ƙawanya daga cikin nata kayan, ta ce, "Ɗana, sa safarka yadda ka saba, ina kallo. Kada ka gyara komai saboda ni."

Na sa ta ulu a dama, na tura zoben dama da hannun hagu, na shafa gefensa da yatsu na ji ya zauna. Na juya kan na hagu, na tura shi da hannun dama wanda yanzu yake cikin ulu da roba. Ta ce in tsaya haka. Ta juya hannuna ta nuna mini ƙasan wuyan hannu, wajen da idona ba ya kaiwa. Bakin safar ulun ya leƙo tsakanin zobban biyu.

Iyakar abin ke nan. Safata mai kauri doguwar wuya gare ta, mai gashi-gashi, kuma ita nake ɗauka duk ranar da sanyi ya tsananta. Ranar da yanayi ya yi sauƙi siririya nake sawa mai gajeren wuya. Sanyin da na gina dogon bayani a kansa ba abin da ya tsuke, safa kawai yake sa ni canzawa. Gashi ɗaya idan ya gitta kan ƙawanya ya isa ya ɗaga ta ya buɗe hanya, ulu kuma yana jan ruwa da kansa. Dalilin da ya sa hagu ce kullum shi ne da dama nake fara sa kowace sutura tun ina yaro, yadda aka tarbiyyantar da mu, don haka zoben dama yana samun yatsu tsirara masu ji, na hagu kuwa hannun da ya riga ya rufe ne ke tura shi. A Cöln, gaggawa ta sa ninki guda na ulun ya shiga, ƙawanyar da ta yi siranta ta kasa cike gurbin, giris ya bar zoben ya karkace, robar da za ta tare ruwan a wuyan hannu kuma na riga na yanke ta da hannuna. Abin da mai shagon ya roƙe ni in yi a gabansa, na fita ina fushi, shi ne daidai abin da dattijuwar ta sa ni na yi. Da na ba shi minti biyar, da a ranar an gama.

Har yanzu da dama nake farawa. Abin da na canza shi ne ina tura bakin safar ulu ta hannu biyun can ƙasa da gefen zobe tun yatsuna suna tsirara, na koma amfani da masu gajeren wuya marasa gashi, kuma ba na tashi daga benci sai abokin nutsona ya zagaya zoben hagu da yatsarsa ya duba ƙasansa. Ƙawanya ina ciro ta in goge ta da gurbinta bayan kowace fita, in ajiye wasu na asali a cikin jaka. Idan wani abu ya sake yoyo, abu ɗaya nake canzawa, in gwada, kafin in taɓa na biyu. Idan kuma na ji ruwa a hanyar sauka, a nan nutson ya ƙare.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne haƙƙin mutumin. Mai ƙaramin shago irin nasa ba shi da talla sai bakin mutane, kuma masu nutso a yanki guda ba su da yawa, duk sun san juna. Ni kuma ba ƙorafin farashi ko jinkiri na yi a kansa ba. Cewa na yi aikinsa yana shigar da ruwa, a sana'ar da shigar ruwa ke iya kashe mutum. Da muka dawo na je shagon da rigar da safar ulun. Na gaya masa duk abin da ya faru, har da abin da na faɗa a bayan idonsa, wanda ashe ya riga ya ji. Na nemi ya yafe mini. Ya karɓi safar ya juya ta, ya ce yana ganin irin wannan sau da yawa, shi ya sa ya tambaya tun farko. Ya sa mini sabuwar robar wuyan hannu, ya karɓi kuɗin aikinsa yadda yake karɓa a wurin kowa. Bai ƙara magana a kan abin ba, ni ma ban matsa masa sai ya ce mini komai ya wuce ba, domin ba ni da ikon neman wannan.

A daren na rubuta a zauren da na ɓata shi, da sunana, cewa abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, aikinsa ba shi da aibi, ga kuma ainihin abin da ya jawo yoyon. A taron mako na tashi na maimaita da baki. Daga cikin waɗanda suka daina kai masa kaya saboda maganata, akwai waɗanda suka koma. Akwai kuma wanda har yau ta gidan waya yake aika rigarsa wani shago a Ingila. Na same shi ni da shi na yi masa bayani, ya ce ya gamsu, amma ya riga ya saba da can.